Yayen da Ya Kai Mu Ofishin Lauya

An kai 'yar ƙanwata yaye Hunkuyi ne a kan za ta yi mako biyu ta dawo. Sai da muka tsaya gaban alƙali kafin ta sake kwana a gidanmu na Gazara.

Auren ƙanwar tawa ya mutu yarinyar tana da shekara ɗaya da 'yan watanni. Ba zan shiga dalilin ba, don ko ni da na yi ta zirga-zirgar sulhu ban taɓa jin bakin mutum biyu ya zo ɗaya a kai ba. Ta dawo gida da goyonta da takardarta, ta gama idda, ta ci gaba da shayarwa. Da lokacin yaye ya yi, uwar tsohon mijin ta aiko mata biyu da goro da sabulu, ta ce a ba ta jikarta ta yaye ta. Haka ake yi a wajenmu. Ana ɗauke yaro daga gaban uwarsa a kai shi wurin kaka, ya yi kukansa a can, ya manta da nono, sannan a dawo da shi. Innarmu ta ce hana su rashin mutunci ne, tunda mutuwar aure ba ta raba yarinya da dangin ubanta ba. Ni ina Makarfi inda nake koyarwa, sai a waya na ji. Na ce da an tambaye ni da ban yarda ba, amma wannan ba abin yabo ba ne, don ni dama ba na yarda da komai.

Gara in faɗi halina tun yanzu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, dillalin hatsi ne, a gefen buhunansa na tashi. Ya koya mini kada in sayi buhu don kyan abin da ke bakinsa, in zura hannu har ƙasa in ɗebo in gani. Na ɗauki wannan darasi na wuce da shi inda bai aike ni ba. Mutum ya gaishe ni da fara'ar da ta fi ta jiya, sai in fara tunanin me yake nema. Matata takan ce ko liman ya ja doguwar sura sai na ce akwai wata a ƙasa.

Mako biyu suka cika, aka ce yarinya tana mura. Aka yi kwana arba'in, aka ce a bari a gama girbi. Aka gama girbi, aka ce tsohuwa ta saba da ita, a ɗan ƙara haƙuri. Na je Hunkuyi sau uku, sau biyu da kawunmu. A zuwa na uku tsohon mijin ya fito zaure yana sakace, ya ce, "Malam, yarinya tana gidan ubanta. Ina kuma kuke so ta je?" Ranar wata bakwai ke nan da tafiyarta.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne ƙanwar tawa kanta. Yarinyar 'yar farinta ce, kuma gidanmu akwai jijiyar Fillanci ta wajen Inna, don haka kunyar ɗan fari a wurinmu ba wasa ba ce. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna tana ɗokinsa. Ƙanwata "'yar Inna" take ce wa yarinyar, in ta matsu ta ce "waccan". Na san wannan sarai, a ciki na girma, amma na ɗauka in abu ya kai ga an ƙwace maka ɗa kunya za ta ja gefe. Ita kuwa ko hawaye ban gani ba. In na tambaye ta me take so a yi, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne, Yaya." Ni ina ƙona mai tsakanin garuruwa uku, ita tana zaune tana tsince wake. A cikin watannin ne ma kajinta suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wataƙila shaho ne. Ni ban taɓa ganin shahon da ke ɗaukar uwar kaza ba, sai na sa wa wani maƙwabcinmu ido, har na rage masa gaisuwa.

Gaskiya a lokacin ba kewar yarinyar ce ta fi cin raina ba, rainin da aka yi mana ne. Na ce sai kotu. A kotun shari'a mutum yana iya tsayawa da bakinsa, mutanenmu da yawa haka suke yi. Sai dai na ji cewa suna da ɗan'uwa a Kaduna da ya yi alkawarin kawo musu lauya, kuma na san in aka sa ƙanwata a gaban mai iya magana, kafin ta ɗaga kai an gama da ita. Na kawo zancen a ofishin malamai. Kowa ya zama masani. Hedimasta ya ce lauyoyi da baki biyu suke ci, wani ya ce surukin ƙanin matarsa lauya ne amma na filaye, wani ya ce in bar wa Allah. Na fito da ruɗanin da ya fi wanda na shiga da shi.

Wani mai shayi a bakin tasha ya haɗa ni da na farko. A gindin darbejiya muka haɗu, ɗan nesa da wata kotu. Yana sanye da baƙar kwat a tsakiyar zafin bazara, da jakar da zif ɗinta ya mutu aka ɗaure ta da roba. Ban kai rabin bayani ba ya ɗaga mini hannu.

"Malam, ka zo inda ya dace. Irin wannan shari'a ko ina barci zan ci ta. Alƙalin ma ajinmu ɗaya."

Bai tambayi shekarun yarinyar ba, bai tambayi ko uwar ta sake aure ba. Ya ce za mu rubuta cewa tsohuwar tana dukanta, tana barin ta da yunwa.

Na ce, "Ai ban ga haka ba. Na gan ta da kumatunta."

"Kai dai ka bar mini wannan. Kawo na buɗe fayil."

Na ce zan kawo masa ofis. Ya ce ofis ana fenti. Bayan mako guda na kira shi, ya ce har yanzu fentin bai bushe ba. Sai na koma wurin, na sayi goro a hannun wani dattijo da ke zama kusa da bishiyar, na tambaye shi ko ya san barista mai baƙar kwat. Dattijon ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wannan ai cike wa mutane takardu yake yi. Lauya kuma, sai dai in jiya da yamma ya zama."

Wannan kamun da na yi ya cuce ni, don ya ƙara mini yarda da kaina. Na yi kwana uku ina ba da labarin.

Na biyu a Zariya yake, kuma shi lauya ne na gaske, da kujerun fata da sakatariya. Na yi awa uku ina jira. Da na shiga, wayoyi biyu ne a gabansa suna karɓa-karɓa, kuma tsakanin kira da kira ya dube ni ya ce, "To Alhaji, gona nawa mamacin ya bari?" Na ce ranka ya daɗe babu wanda ya mutu. Ya yi dariya, ya ba da haƙuri, ya ce riƙon yara ƙaramin abu ne, zai turo wani daga ofis ranar zama. Ban zarge shi da cuta ba. Na dai ga cewa kafin in kai bakin titi ya manta da ni.

Malamar aji uku a makarantarmu ce ta kira ni gefe bayan an tashi. Mijinta ya rasu shekarun baya, kuma na san 'yan'uwansa sun so raba ta da 'ya'yanta. Ta rubuta mini kwatance a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Ta ce wata lauya ce mace, a Ikara take, aikinta ke nan, aure da saki da riƙon yara da gado. Na yi mata godiya da baki, a zuciyata kuwa ina tambayar ko ana ba ta la'ada a kan duk wanda ta tura.

Na je ni kaɗai ranar Asabar. Ofishin ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon taki da maganin feshi, sai ka bi ta wani lungu tsakanin kwandunan tumatir kafin ka ga ƙofar. Tebur ɗaya, kujeru uku, fanka mai ƙara, da kabad ɗin ƙarfe. Matar ba ta kai arba'in ba, da hijabi ruwan toka da tabarau. Bayan mun gaisa na miƙe na je bango inda aka rataye takardar shaidarta, na karanta tun daga sama har hatimi. Ba ta hana ni ba. Da na juyo ta ce, "Malam, in ka gama akwai wata a bayan ƙofa."

Ita ma na karanta ta.

Na yi rabin awa ina zuba, da abin da tsohon mijin ya ce, da yadda yake sakace yana faɗa, da yadda aka bar kawunmu a tsaye. Duk wannan ba ta rubuta ba. Abin da ta rubuta amsoshin tambayoyinta ne. Shekarun yarinyar nawa? Uwar ta sake aure? Lafiyarta ƙalau? Takardar saki tana nan? Wa ya ga lokacin da aka zo ɗaukar yarinyar, kuma me aka ce a ranar?

Sannan ta ce, "A shari'a uwa ce ta fi cancanta da riƙon 'yarta, matuƙar ba ta yi wani aure ba kuma ba a tabbatar da wani aibu a kanta ba. Ci da sha da sutura suna kan uba. Amma ni ba alƙali ba ce, ba zan ce maka ga yadda za ta ƙare ba."

Na ce, "To Barista, a buɗe mana fayil."

"Wa ke ƙara?"

"Ni."

"Kai ka haife ta?"

Na ji tambayar har cikin hulata. Na ce ni ne babban gida tun rasuwar mahaifinmu, abin da na faɗa shi ƙanwata za ta faɗa. Ta ce ba ta musa ba, amma ba za ta karɓi ko sisina ba sai ta ga uwar yarinyar ta ji daga bakinta.

Tun daga lungun tumatir na fara saƙa da warwara. Mai baƙar kwat ya nemi kuɗi kafin ya ji magana, wannan ta ji magana ta ƙi kuɗi. A kasuwar da na tashi, in dillali ya ce ka bar la'adarka, to ya riga ya karɓa a ɗaya gefen. Na tsaya wurin mai shagon taki na sayi abin da ba na buƙata, na ja shi da hira. Ya yabe ta, wanda bai ba ni mamaki ba tunda maƙwabciyarsa ce. Amma a cikin yabon ya ce mahaifiyarta mutuniyar Kudan ce, daga wani ƙauye kusa da Hunkuyi. Na ce shi ke nan, na kama ta.

Daga nan na buɗe bincike. Na tambayi direbobin da ke bin hanyar, na tambayi wani abokin karatuna da ke sayen hatsi a kasuwar Hunkuyi, har na gano cewa ƙanwar mahaifiyarta tana aure a unguwar da ke maƙwabtaka da ta su tsohon mijin. An kuma ce an taɓa ganin ita lauyar a wani suna a can. Babu wanda ya ce mini ta taɓa cin amanar kowa, amma wannan ma na fassara shi da cewa ta iya ɓoye sawu. Wata biyu na yi a kan haka. A gida ina cewa har yanzu ana neman lauya mai amana. Duk ƙarshen mako in na je Gazara, ƙanwata za ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan ta fita ba ta tambayi komai ba.

Wata mai sayar da daddawa da ke bin kasuwanni ce ta kawo wa Inna labarin cewa bayan babbar salla za a ba da yarinyar riƙo ga yayar ubanta da ke aure a Fatakwal. Saura mako biyar. Matata kuma ta riga ta tona ni, ta gaya wa Inna akwai wata lauya a Ikara da na ƙi komawa wurinta. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai bincikenka ba ya ƙarewa. Gobe ka ɗauki ƙanwarka ka kai ta wurin matar nan. In ta cuce mu, Allah yana gani."

Na goya ta a babur muka tafi. Lauyar ta gane ni, ba ta kuma tambayi inda na shiga ba. Ta gaisa da ƙanwata, ta jawo takarda.

"Yaya sunan yarinyar?"

Ƙanwata ta dubi ƙafafunta. Na faɗi sunan.

"Yaushe rabonki da ita?"

Na ce wata tara.

"Kina so a dawo miki da ita?"

Da ƙyar aka ji muryarta. "Duk yadda Yaya ya ce."

Lauyar ta ajiye biro. Ta ce, "Malam, don Allah ka ɗan ba mu wuri."

Na ce babu abin da ƙanwata za ta faɗa wanda ban isa in ji ba. Ta ce ta yarda, amma haka take aikinta da kowa, ko miji ne ko uba sai ya fita. Na fita raina a ɓace. Ban zauna a bencin da ke ƙofa ba. Na zagaya ta bayan ginin inda tagar ofishin take, na tsaya tsakanin jarkokin maganin feshi, na kara waya a kunne kamar mai amsa kira. Ni, malamin makaranta mai furfura a gemu. Ban ji kunya ba a lokacin, aikin tsaro nake gani ina yi.

Abin da na fara ji shi ne muryar lauyar tana cewa, "In ke ba ki so, ko kina tsoron rigimar, ki faɗa mini. Ni zan ce wa yayanki babu ƙara, ba zan ce daga gare ki ta fito ba." Jinina ya hau. Na ce ga shi nan, ta fara lallaɓa ta ta janye. Saura kaɗan in leƙa ta tagar in yi magana. Sai ta ci gaba.

"Ni ma 'yar fari ce kamar 'yarki. Har mahaifiyata ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba. Na san abin da ke riƙe miki harshe. Amma alƙali ba ya hukunci da shiru. Za su tashi su ce ba ki taɓa zuwa duba ta ba, ba ki taɓa aikawa ba, ko sunanta ba kya kira. In aka tambaye ki kika ce duk yadda aka yi daidai ne, to za a yi yadda suke so."

Daga nan na ji wata murya da ban san ƙanwata tana da ita ba.

Ta ce ta je. Sau shida ta je. Ranar kasuwar Hunkuyi takan ce wa Inna za ta unguwa gidan ƙawarta, ta ari hijabin da ba a san ta da shi ba, ta shiga mota. Akwai injin niƙa da ke kallon ƙofar gidan, sai ta tsaya cikin matan da ke jiran niƙa har a fito da yarinyar. Sau biyu ba a fito da ita ba, ta dawo haka. Ta ce an yi wa yarinyar aski, an sa mata 'yan kunne ja, kuma a zuwan ƙarshe ta ga tana ɗingisa ƙafar hagu, tun ranar ita uwar abinci ba ya wuce mata. Kajinta ta riƙa sayarwa tana yin kuɗin mota. Ta ce, "Ba zan iya faɗa a gaban Yaya ba. Ba zan iya faɗa a gaban Inna ba. Amma wallahi in aka kai ta Fatakwal mutuwa zan yi." Sai kuka, irin wanda mutum ke toshe baki da mayafi don kada a ji.

Na sauke wayar daga kunnena. Na tuna maƙwabcin da na rage wa gaisuwa, na tuna tsayuwar da take yi a bakin ƙofa. Kunya ta rufe ni, da wani baƙin ciki da ban san inda zan ajiye shi ba. Na lallaɓa na koma benci na zauna kamar tun ɗazu ina nan.

Da aka kira ni, ƙanwata ta share fuska ta koma yadda na san ta. Lauyar ta ce, "Malam, gilashi biyu na tagar nan sun fashe tun bara. Hularka tana da kyau." Amma hali ba ya barin mutum a rana ɗaya, sai da na tambaye ta zancen Hunkuyi. Ta ce ƙwarai, mahaifiyarta daga can take, innarta tana aure a can, mutanen da muke magana a kansu kuwa ba ta san su ba, ba ta haɗa komai da su ba. In zuciyata ba ta kwanta ba za ta kwatanta mini wani lauya yanzu, amma in yi sauri, don ita kanta mako biyar ya yi mata kaɗan. Na dubi ƙanwata. A karo na farko ba ta jira ni ba, ta ce, "Ita nake so."

Lauyar ta rubuta yarjejeniya da Hausa, da abin da za ta yi da abin da za a biya ta, ta karanta a fili. Na karanta sau biyu da kaina, na juya bayan takardar ko akwai wani abu. Sannan ta zare ta daga hannuna ta miƙa wa ƙanwata, ta ce wurin sa hannu na mai ƙara ne.

A makon aka shigar da ƙara, aka kai musu sammaci, aka kuma nemi kotu ta hana fita da yarinyar kafin a gama. Ba zan ce na warke ba. A zama na farko na ga lauyarmu tana gaisawa da lauyansu a baranda har da dariya, na bi ta da ido har aka shiga. A zama na biyu aka nemi a yi sulhu, na ce a raina to ga inda za a sayar da mu. Sulhun bai yiwu ba. A zama na uku lauyansu ya faɗi duk abin da tamu ta ce zai faɗa, kusan kalma da kalma, cewa uwar da ba ta taɓa neman 'yarta ba ba ta da bakin neman ta yanzu, yayanta ne kawai ke neman fitina. Wannan na ƙarshen ya taɓa ni, don akwai gaskiya a ciki.

Alƙali ya dubi ƙanwata. Ya ce, "Ke da bakinki, me kike nema a kotun nan?"

Tsohuwar surukarta tana zaune, kawunmu yana zaune, Inna tana bayanta. Na ga lauyarmu ta daina rubutu. Sannan ƙanwata ta ce, "Allah ya gafarta Malam, 'yata nake so." Ta kuma faɗi sunan yarinyar cikakke, kowa ya ji. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Bayan haka ta ba da labarin injin niƙa, aka kira mai injin ya ce ya sha ganin ta. Alƙali ya ba uwa riƙo, ya ɗora wa uba ciyarwa, ya ce kada a hana shi da mahaifiyarsa ganin yarinyar.

A harabar kotun aka miƙa ta. Tana bayan kakarta a goye, ƙafar ta warke, ƙaya ce ashe. Tsohuwar da na yi wata tara ina kira ɓarauniya a zuciyata ta kwance zanen goyon da hannunta tana hawaye, tana gaya wa ƙanwata cewa ba ta son kunu da tsami, kuma sai an shafa mata baya take barci. Ƙanwata ta miƙa hannu. Yarinyar ta dube ta kamar yadda yara ke duban baƙuwa, ta ƙanƙame wuyan kakarta ta tsala ihu. Sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

A mota ta ƙi yarda da uwar sam. Ta yi ta harbin iska tana kiran kakarta, har Inna ta karɓe ta, ta yi kuka a jikinta ta gaji ta yi barci kafin mu kai Makarfi. Ƙanwata tana gefe, ta sa hannu a hankali ta riƙe tafin ƙafar yarinyar, iyakar abin da ta samu ke nan. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ba ta san ni ba, Yaya."

Na ce za ta saba, yara ba su da riƙo. Ta gyaɗa kai.

Wata bakwai su suka riƙe ta. Biyun da suka biyo baya ni na riƙe ta, da kwatancen ofishin a aljihuna, kuma ban san a wane wata cikin taran fuskar uwarta ta gushe mata ba. Ƙanwata ba ta san da wannan ba, Inna da matata ba su gaya mata ba, ni ma har yau ban iya ba. Da muka sauka a Gazara ta durƙusa a ƙofar gida a gaban mutane ta ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya. Ka yi ƙoƙari."

Na ce amin, ina kallon ƙasa.